Tsirkiya Shida, Kuka da Guɗa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jita a Waƙoƙin Sifaniyanci

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a tsakar gida na kunna wata tsohuwar waƙar kudancin Sifaniya a wayata. Gwaggona tana gefe a kan tabarma tana tsintar wake. Mawaƙin bai ko buɗe baki ba, jita ce kaɗai ke tafe a hankali, sai ta ɗago kai ta ce, "Kai ɗan nan, wannan bawan Allah rasuwa aka yi masa ne?" Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci, ba ta kuma taɓa jin sunan flamenko ba. Amma ta gane. Tun daga ranar nake tara tambayoyin da 'yan uwa da abokai ke yi mini a kan wannan kiɗa da nake ƙauna, ga su nan da amsoshinsu.

Wace irin jita ake nufi? Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Wadda ake magana a kanta jitar katako ce mai tsirkiya shida, ba ta buƙatar lantarki, kuma da yatsu da farata ake kaɗa ta. Tsirkiyoyin uku na nailan ne zalla, ukun masu kauri an naɗe su da siririyar waya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu da hanjin tumaki ake murza siraran, shi ya sa tsofaffin faya-fayai ke da wani ɗumi a sautinsu.

Siffar da muka sani a yau aikin wani kafinta ne ɗan Almería, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Shi ya faɗaɗa cikin jitar, ya sirantar da allon fuskarta, ya jera 'yan sanduna a ƙarƙashin allon kamar haƙarƙarin mafici. A 1862 ya ƙera wata jita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, don ya nuna wa masu gardama cewa muryar jita a fuskarta take. Jitar tana nan har yau a gidan adana kayan kiɗa na Barcelona.

An ce Musulmin Andalus ne suka kai ta can. Gaskiya ne?

Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma an cika yi wa maganar gishiri. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya daga 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492, kuma sun kai molon Larabawa da ake kira udu. A 822 shahararren mawaƙin nan Ziryab, wanda ya yi karatun kiɗa a Bagadaza, ya sauka a Ƙurɗuba, garin da ake jingina wa Imam Ƙurɗubi mai tafsiri. Shi ake cewa ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar. Sai dai udu mai ƙoƙon baya ne, jita kuwa bayanta shimfiɗe yake, ga ta da ƙugu. A ƙarni na 14 marubutan Sifaniya sun riga sun bambanta jita iri biyu, ta Larabawa da ta Latinawa. Wadda ta wanzu ta taso ne da tsirkiya huɗu 'yan tagwaye, ta koma biyar, sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta tsaya a kan shida ɗai-ɗai.

Inda ake jin Andalus sosai shi ne a maƙogwaron mawaƙi, yadda yake jan gaɓa ɗaya yana karya ta yana lanƙwasawa. Akwai shi kuma a harshen kansa: kalmar ojalá, wadda ta cika waƙoƙin bege, daga Larabcin Andalus take, ma'anarta "da Allah Ya so". Shi kuwa olé da ake yayatawa cewa sunan Allah ne aka gurɓata, masana harshe ba su haɗu a kan haka ba.

To, ta yaya katako da zare suke kuka?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, bari in ɗan zauna a kanta.

Mai goge yana iya riƙe sauti ɗaya muddin yana jan izga. Mai algaita ma haka, muddin da iska a kumatunsa. Mai jita ba shi da wannan gata. Da ya taɓa tsirkiya, sautin ya fito da ƙarfinsa duka, daga nan sai raguwa har ya ɓace. Duk amon da jita ta haifa, a gaban idonka yake mutuwa. Makaɗan Sifaniya sun daɗe da gane wannan, suka kuma ɗauki hanya biyu a kansa.

Ta farko ita ce su ƙyale shi ya mutu. Makaɗi ya ja tsirkiya mai kauri da babban yatsa, ya tsaya, ya bar shirun ya cika ɗakin kafin ya sake taɓawa. Wanda ya taɓa zaman makoki ya san irin wannan shiru, wanda ke biyo bayan "Allah Ya jiƙansa" kafin wani ya sake cewa uffan.

Ta biyu ita ce su hana shi mutuwa. Yatsu uku suna bin tsirkiya ɗaya da sauri, ɗaya na ɗagawa ɗaya na sauka, har kunne ya ɗauka zare ɗaya ne na sauti mai rawa, babban yatsa kuma yana takawa a ƙasa. Trémolo suke kiran wannan. In ka rufe ido za ka rantse murya ce ke rawa saboda kukan da ake dannewa.

Akwai kuma wani zubi da ya zama tambarin kudancin Sifaniya, saukowa ce mai mataki huɗu, kowane kamu yana ƙasa da na gabansa. Mataki na ƙarshe rabi ne kawai, ɗan ƙanƙani, kuma a nan zafin yake. Kunne yana sa ran a sauka a huta, sai a sauke shi a wurin da bai gama kwanciya ba. Makaɗi yakan yi ta kai da kawowa tsakanin waɗannan kamu biyu na ƙarshe, kamar mutumin da ya zo bakin ƙofar gidansu ya kasa shiga. Wannan ne Gwaggo ta ji.

Mene ne flamenko, kuma mene ne aikin jita a cikinsa?

Flamenko waƙa ce da kiɗa da rawa na yankin Andalusiya, musamman garuruwan Cádiz, Jerez da Ishbiliya, wadda masu garin ke kira Sevilla. Jama'ar da suka fi riƙe shi su ne Gitano, waɗanda kakanninsu suka taso daga arewacin Indiya suka iso Sifaniya a 1425. Sun sha wuya ƙwarai. A 1749 sarki ya sa aka kama dubbansu a kame ɗaya, aka raba maza da matansu, aka tura mazan aikin ƙarfi a wuraren ƙera jiragen ruwa. Duk wanda ya ji "ay" ɗin da ke buɗe waƙoƙinsu, ya kamata ya san wannan tarihi.

Mutane da yawa suna ɗauka jita ce uwar tafiya. A wurin masu abin, murya ce gaba. Akwai ma waƙoƙin da ba a sa musu jita sam, irin su martinete ta maƙera, wadda ake rerawa da bugun guduma a kan uwar maƙera kawai. Jita ta kafu ne sosai lokacin da flamenko ya shiga gidajen shayi na kallo a rabin ƙarni na 19 na biyu, irin wanda Silverio Franconetti ya buɗe a Ishbiliya a 1881.

Ga yadda zaman yake. Kujeru biyu ne masu zaman igiya, kafaɗa da kafaɗa. Mawaƙi ya yi gyaran murya, ya ɗan yi gunaguni. Makaɗi ya saurara, ya zare wani ɗan maƙalli ya ɗaure a wuyan jitar a gaɓa ta biyu ko ta huɗu, don ya kawo jitar daidai maƙogwaron mutumin a wannan dare. Sannan ya fara, ba ya kallon yatsunsa, bakin mawaƙi yake kallo. Mawaƙi ya ja baiti, makaɗi ya bi shi a hankali, in ya tsawaita ya jira shi, in ya faɗo ya tare shi. Da baitin ya ƙare, mawaƙi ya sunkuyar da kai yana maida numfashi, sai jita ta karɓa da 'yar gajeruwar magana tata, wadda suke kira falseta.

Bahaushe ya san wannan aiki. Aikin 'yan amshi ne. Bambancin kawai, a nan ɗan amshi ɗaya ne, kuma ba ya maimaita abin da ubangidansa ya faɗa, abin da ya kasa faɗa yake ƙarasa masa. A ganina duk sirrin jita a waƙoƙin Sifaniyanci yana nan.

Jitar flamenko ta gargajiya ma daban take: marar nauyi, mai kaifin amo, an yi bayanta da itacen ciprés saboda shi ne mai arha a lokacin. Itacen da ake shukawa a maƙabartunsu ne.

Duk flamenko baƙin ciki ne ke nan?

Ko kusa. Yana da rassa fiye da hamsin, kowanne da yanayinsa. Seguiriya ita ce ta mutuwa da kurkuku da rashin uwa. Soleá ta kaɗaici ce, tana tafe da nauyi da kamun kai. Taranta ta mahaƙan dalma da azurfa ce na Almería da Linares da La Unión, ba ta da bugun da za a taka, kuma makaɗi yana barin wasu tsirkiyoyi a sake su yi karo da kamunsa, sautin ya fito da duhu kamar bakin rami. Tun 1961 ake gasar waƙoƙin mahaƙa a La Unión, kyautar kuwa fitilar mahaƙi ce.

Amma ga alegrías ta Cádiz, sunanta ma "murna" yake nufi. Ga bulerías ta Jerez, wadda da ita ake rufe biki, tsohuwa ta miƙe ta ɗan kama bakin zanenta ta yi taku uku ta koma ta zauna ana shewa.

Abin da ya ɗaure mini kai da na fara koyo shi ne, soleá da alegrías da bulerías duk ƙirga ɗaya gare su. Bugu goma sha biyu ne, ana dannawa a na 3, na 6, na 8, na 10 da na 12. Gwada da tafi ka ji. Ka ja shi a hankali da kamu mai duhu, makoki ne. Ka haskaka kamun ka ƙara sauri, biki ya tashi. Hannun dama ke yanke hukunci. Don murna, makaɗi yana dunƙule yatsu ya sake su ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyoyin duka, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, su zubo kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Wannan shi ne rasgueado. Yana kuma ƙwanƙwasa fuskar jitar da farce, har sai da aka riƙa manna mata wani ɗan faifai don kada ta huje. A nan jita ta zama rabin ganga.

Me ya sa suke rawa da waƙar da kalmominta kuka ne?

Wannan ya fi fitowa a bachata ta Jamhuriyar Dominika. Da farko ma sunanta kiɗan ɗaci. Kiɗan talakawan ƙauye ne da suka kwararo bayan garin Santo Domingo bayan an kashe mai mulkin kama-karya Trujillo a 1961. José Manuel Calderón ya ɗauki faifan farko a 1962. Masu kuɗi da 'yan boko sun raina ta, suna cewa kiɗan mashaya ne da 'yan aikin gida, gidajen rediyo suka juya mata baya in ban da Radio Guarachita. Mawaƙi yana kukan matar da ta tafi, jitar gaba tana tsinke sauti ɗai-ɗai da kaifi kamar tana soka allura, amma ƙarƙashin wannan ga bugu huɗu mai daɗin taku. Mutumin da ya wuni yana dako, daren Asabar kaɗai ne nasa. A cikinsa zai yi kukan, a cikinsa zai yi rawar. Sai bayan 1990, da Juan Luis Guerra ya fitar da ita duniya, aka fara shigar da ita falo. A 2019 UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon ɗan Adam.

A Meziko kuma akwai ihun da ake kurmawa a tsakiyar waƙar karkarar da ake kira ranchera, dogon "ay-ay-ay" mai karyewa a ƙarshe. Ka saurare shi sau goma, ba za ka iya rantsewa guɗa ce ko kururuwa ba. Chavela Vargas, wadda aka haifa a Kosta Rika a 1919 ta rasu a Meziko a 2012, ta ɗauki waɗannan waƙoƙi na maza masu ƙaho da hayaniya, ta sauke ƙahonin, ta rage gudu, ta bar muryarta da jita kawai. Sai mutane suka ji ashe raunin da ke cikin waƙoƙin ya kai haka.

Yaya aka yi ta zama kayan kowace ƙasa a Latin Amurka?

Ta shiga jirgin ruwa tare da sojoji da 'yan mishan da 'yan ci-rani tun ƙarni na 16. Ba ta da nauyi, kafinta na gari zai iya kwaikwayonta, mai doki zai iya rataya ta. Kowace ƙasa ta karɓe ta ta sake mata halitta da itacen da take da shi da kunnen da take da shi.

A Kyuba ta zama tres, tsirkiya shida da aka jera biyu-biyu, mai maimaita zubi ɗaya har sai ƙafa ta motsa. A filayen kiwo na Benezuwela ta zama cuatro mai tsirkiya huɗu. Puerto Rico ma suna da nasu cuatro, amma goma gare shi. Kolombiya tana da tiple mai goma sha biyu. A tsaunukan Bolibiya da Peru 'yan asalin ƙasa suka ƙera charango, ƙarama kamar jariri, da ƙoƙon bayan wata dabba mai sulke, ko da yake yanzu da katako ake yi. A Meziko, ƙungiyar makaɗan mariachi ta jihar Jalisco tana da guitarrón, ƙatuwa mai tumbi wadda ke riƙe ƙasan kiɗa, da vihuela mai tsirkiya biyar. A jihar Michoacán akwai garin Paracho, inda ƙera jita ita ce sana'ar gado, shago na bin shago.

Shi ya sa ɗan Benezuwela da ke gudun hijira a wata ƙasa, in ya ji cuatro daga nesa, ba ya buƙatar ganin tuta. Kamar dai Bahaushe ne a Kurmi ya jiyo kalangu.

Akwai hannun Afirka a ciki?

Akwai, babba ma. Miliyoyin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da yankin Kongo ba su tafi da kayan kiɗansu ba, amma sun tafi da kiɗan a jikinsu. Kiɗan da ake kira son a Kyuba auren jitar Sifaniya ne da bugun Afirka da kira da amshi. A Veracruz ta Meziko ana kaɗa ƙananan jita a kewaye da wani dandamalin katako da masu rawa ke duka da dunduniya, wani kuma yana karta muƙamuƙin jaki haƙoran suna kaɗawa. Baƙaƙen fatar gaɓar tekun Peru suka mai da akwatin katako ganga. Shahararren makaɗin jitar flamenko Paco de Lucía ya gan shi a Lima a 1977 ya kai shi Sifaniya, yau da wuya ka ga ƙungiyar flamenko babu shi, har matasa na ɗauka gadon Andalusiya ne.

A Ajantina, gwanin gwanayen mawaƙan ba-zata, masu zama biyu da jita suna jifan juna da baiti nan take, baƙin mutum ne, Gabino Ezeiza. Karawar da ya yi da Juan Nava a Montevideo ran 23 ga Yuli 1884 ita ce ta sa har yau ake bikin ranar irin waɗannan mawaƙa a wannan kwanan wata. Baitinsu mai ɗango goma ne, kowane ɗango gaɓa takwas, da tsarin amsa-amo mai tsauri. Masu rubuta ƙwar biyar za su gane wuyar yin haka a tsaye ba alƙalami.

Kiɗan ya kuma dawo gida. Faya-fayan Kyuba da suka shigo tashoshin jiragen ruwan Afirka daga shekarun 1930 su suka haifi rumbar Kongo, suka kuma shayar da ƙungiyoyin Dakar da Bamako. Faifan Buena Vista Social Club da aka ɗauka a Havana a 1996, asalin shirin shi ne a haɗa makaɗan Kyuba da na Mali, matsalar takardun tafiya ta hana 'yan Malin zuwa. Sai a 2010 haɗuwar ta yiwu, aka ji jitar Eliades Ochoa tana hira da ngoni na Bassekou Kouyaté, ɗan uwan molonmu.

Soyayya fa?

Bolero ke nan. Wani tela a Santiago ta Kyuba, Pepe Sánchez, wanda bai taɓa karatun kiɗa ba, shi ake ba wa bolero na farko a shekarun 1880, kuma sunan waƙar "baƙin ciki" yake nufi. A 1944 'yan Meziko biyu da ɗan Puerto Rico ɗaya suka kafa Los Panchos a New York: murya uku, jita uku. Ɗayansu, Alfredo Gil, ya yi suna da ƙaramar jita mai siririyar murya, requinto, wadda ke buɗe waƙa da dogon zance kafin kowa ya rera.

Al'adar da ta rayar da wannan ita ce serenata. Saurayi ya ɗauko makaɗa uku da tsakar dare su tsaya ƙarƙashin tagar yarinya. In ta kunna fitila, an karɓa. In ɗakin ya ci gaba da zama duhu har waƙa ta uku, sai a naɗe a tafi. Jita ce ɗan aike a nan, ita ke faɗin abin da kunya ta hana baki.

Ana kaɗa ta a wurin mutuwa?

A ƙauyukan tsakiyar Chile akwai wata tsohuwar al'ada da ta fi kowace taɓa ni, ko da yake yanzu ta ja baya sosai. In ƙaramin yaro ya rasu, sukan ce mala'ika ne. A sa masa fararen kaya, a yi masa fukafukai na takarda, a ɗora shi a kan tebur cikin furanni da kyandir. Mawaƙa su zauna a gabansa su kwana suna karɓa-karɓa da baitoci masu ɗango goma, da wata jita mai tsirkiya 25 wadda amonta ke kama da ƙararrawa daga nesa. Ana roƙon uwar kada ta yi kuka, wai hawaye na jiƙa fukafukan. Da asuba mawaƙi ya ari bakin yaron, ya yi sallama da uwarsa da ubansa da wadda ta riƙe shi ranar suna. Mawaƙiyar Chile Violeta Parra, wadda ta bi ƙauyukan nan a shekarun 1950 tana tattara waƙoƙi daga bakin tsofaffi, ita ma ta rasa jaririyarta tana can Turai.

Aƙidarmu daban, yadda muke binne namu daban. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙaramar gawa a hannu biyu ya san abin da waɗannan mutane ke ƙoƙarin yi wa uwar.

Me ya sa gwamnatoci suka ji tsoron mai jita?

Saboda mutum ɗaya da jita ɗaya ba ya buƙatar izini ko lantarki ko dandamali, kuma waƙar da ya rera yau gobe tana bakin mutum ɗari.

Atahualpa Yupanqui na Ajantina, wanda ya yi shekaru yana yawo a kan alfadari cikin tsaunuka yana koyon waƙoƙin makiyaya da 'yan ƙwadago, ya sha ɗauri a zamanin Shugaba Perón. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda aka ɗora masa keken rubutu a hannun dama aka hau kai. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, don haka bai daina ba, amma ya ce har tsufansa akwai kamun da ke ba shi wuya. Mercedes Sosa, ita ma mawaƙiyar Ajantina ce, a kan dandamali aka kama ta a La Plata tare da masu sauraronta, ta yi gudun hijira, ta dawo a 1982.

Mafi muni shi ne na Víctor Jara, mawaƙin Chile. Sojoji sun kifar da gwamnatin Salvador Allende a Chile ran 11 ga Satumba 1973. Washegari aka kama Jara a jami'ar da yake aiki, aka kai shi wani filin wasa na cikin gida tare da dubban mutane. Aka farfasa masa yatsu da gindin bindiga. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa da harbi 44. Filin yana ɗauke da sunansa tun 2003, kuma a Agustan 2023, shekara hamsin bayan kisan, kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukunci a kan tsofaffin hafsoshi bakwai. A farkon mulkin sojan, charango kanta sai da ta zama abin tuhuma.

Sai na iya Sifaniyanci zan ji daɗinta?

A'a, Gwaggo shaida ce. Amma kalmomi biyar za su buɗe maka rabin waƙoƙin: corazón zuciya, pena baƙin ciki, llorar yin kuka, madre uwa, tierra ƙasar haihuwa.

Ko na taɓa jin wannan kiɗa ban sani ba?

Ka ji, sau dubu. Ƙarar kiran wayar Nokia da ta cika kasuwanninmu da motocin haya guntu ce daga wani kiɗan jita da Francisco Tárrega ya tsara a 1902. Ɗan Sifaniya ne, kuma jitar Torres yake kaɗawa.

Zamani bai ɓata ta ba?

An yi ta wannan kuka tun ba yau ba. A 1922 ma mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubucin waƙoƙi García Lorca sun shirya gasa a Garnaɗa don ceto tsohuwar waƙa, suna ganin ta kusa ɓacewa. Da Paco de Lucía, ɗan Algeciras, ya fara zama da makaɗan jaz ya shigo da sarewa da jitar lantarki mai kauri, dattawa suka ce ya sayar da gado. Amma ka nemi faya-fayan da ya yi da mawaƙi Camarón de la Isla daga 1969, ka ji yadda mutumin da ya fi kowa saurin yatsu a zamaninsa yake ja da baya, yana jiran numfashin abokinsa. Ya san aikin ɗan amshi kafin ya san komai.

Abin da ni nake ƙi shi ne kiɗan otal da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido, gudun yatsu ba magana, kowane dare iri ɗaya. Matasan arewacin Meziko da ke cika filaye yanzu da jita mai tsirkiya goma sha biyu, ina da ja a kan yadda wasunsu ke wasa masu fataucin ƙwaya. Amma katako ne a hannunsu, da yatsu suke kaɗawa, kuma labarin unguwarsu suke bayarwa, kamar yadda kakanninsu suka ba da labarin juyin juya halin 1910 a waƙa.

Daga ina zan fara?

In sauraro ne, fara da soleá ɗaya ta Camarón da Paco, ka ji ta sau uku. Na farko ka bi murya. Na biyu ka toshe kunnenka daga murya ka bi jita kaɗai, ka lura da inda take shiru. Na uku ka yi ƙoƙarin tafa goma sha biyun nan a cinyarka. Bayan haka ka nemi Yupanqui da daddare, Chavela Vargas in ranka a ɓace, kiɗan son na Kyuba in ana aikin gida.

In kuwa koyo kake so, nemi jita mai tsirkiyar nailan, ko ta hannu ce, ka duba wuyanta bai lanƙwashe ba. Yanke faratan hannun hagu ƙwal. Na dama ka bar su su ɗan leƙo bayan tsokar yatsa, ka goge bakinsu ya yi santsi. Makonni biyun farko kan yatsunka za su yi zafi kafin su yi kanta. Kamu huɗun nan na saukowa su ne darasin farko: Am, G, F, E. Kaɗa su da babban yatsa kaɗai, a hankali, in ka kai na ƙarshe kada ka ɗaga hannu sai amon ya ɓace gaba ɗaya.